Ƙanena, ɗauki T480 ɗin ka bar 'yar kwalin nan

Ƙanena, tsakanin kwamfutar laptop ThinkPad T480 ta hannu da waccan sabuwar 'yar kwali, wato laptop mai araha, mai furosesar Celeron da RAM 4GB, tunda ka ce kuɗinsu kusan ɗaya ne kuma Linux za ka sa a madadin Windows, ɗauki ThinkPad ɗin. Duka biyun sun taɓa kwana a ɗakina. Ɗaya har yau da ita nake cin abinci, ɗayar kuwa ko sunanta ba na son tunawa.

Tawa T480 a Kano na saye ta a 2021, lokacin tana da shekara uku a duniya, don a 2018 Lenovo ta fito da ita. Murfinta duk ƙarzuna, ga tabon sitikar wani kamfanin Turai da aka ɓare, maɓallan kibod sun yi santsi saboda dannawa. Da uwargida ta gan ta cewa ta yi, "Yanzu wannan baƙin akwatin ka ƙirga kuɗi ka saya?" Na ce mata ta bari tukuna, da tsohuwar zuma ake magani. Yau ita ce take jira in tashi daga kai ta yi lissafin 'yan adashenta.

Abin da ya fara saye min zuciya batir ne. Batir biyu gare ta: ɗaya a ciki mai 24Wh, ɗaya a baya wanda ake zarewa da hannu, shi kuma yana zuwa mai 24 ko 48 ko 72. Wata shekara cikin watan Afrilu taransifomar unguwarmu ta ƙone, muka kwana tara a duhu, ga zafi, ga aikin da na riga na karɓi rabin kuɗinsa. Da safe sai in kai ta shagon wani abokina mai sola, in cika babban batirin, in zare shi in sa ƙaramin shi ma ya cika. Da dare ina tsakar gida a kan tabarma, in wannan ya ƙare sai in kifa ta in zare in sa wancan, ba tare da na kashe ta ba, na cikin yana riƙe da ita, ko layi ɗaya na abin da nake rubutawa bai ɓace ba. Na miƙa aikin a kan lokaci, mai aikin bai ma san ba mu da wuta ba. Kuma da yake ta USB-C take caji, in ka samu fawa bank mai ƙarfin da ke cajin kwamfuta, shi ma zai ɗauke ta. Wannan tsarin batir biyun a kanta ya ƙare: T490 da ta biyo bayanta a 2019 batirinta a rufe yake a ciki, kuma an liƙe mata RAM ɗaya a jikin bod. Shi ya sa za ka ga masu harkar Linux sun nace wa T480 kamar ita kaɗai aka taɓa ƙerawa.

Sannan tana buɗuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai koyo irinka. Sukundireba ɗaya, ka kwance notinan ƙasa, ga komai a gabanka. Ramin RAM biyu ne, DDR4, a takarda Lenovo ta ce tana ɗaukar har 32GB. Da 8GB tawa ta zo, bayan wata biyar da na ɗan samu sarari na ƙara wani 8GB da hannuna, ban kai wa injiniya ba. SSD ɗin ma, wato ma'ajiyar fayiloli, na sauya. Kibod ɗin da ɗana ya tsiyaya wa kunu, duk da ta ci gaba da aiki bayan ta bushe, maɓalli uku sun riƙa maƙalewa, na sayi wani na ɗaura a zama ɗaya. Kayanta ba sa wahalar samu, domin kamfanoni a Turai da Amurka dubu-dubai suka saye su ga ma'aikatansu, kuma su ne suke zubowa kasuwanninmu yanzu. Duk bayan hunturu ina buɗe ta in hure ƙurar da ta taru a fanka, shi ke nan hidimarta.

Furosesa kuma, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da aiki, ba a haɗa su. Yawancin T480 i5-8250U ko i5-8350U ne a ciki, core 4 da thread 8. Irin waɗancan 'yan kwalin sau da yawa N4020 za ka tarar, core 2, wanda Intel ta yi don ya sha wuta kaɗan, ba don ya yi aiki mai nauyi ba. Ranar da za ka buɗe burawuza da shafi goma, ga manhajojin masu rubuta shiri irin su VS Code da Docker, ko wata kwamfutar gwaji a VirtualBox, ranar za ka gane ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ta ɓangaren Linux, nau'inta da ake kira Mint 22 ce a kan tawa, wadda aka gina a kan Ubuntu 24.04, kuma za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Na sa filas mai ɗauke da Mint, na girka, wifi ya kama, sauti ya fito, maɓallan haske da na ƙara suka yi aiki, jan ɗigon nan na tsakiyar kibod ma bai yi gardama ba. Ba sa'a ba ce. Tun ThinkPad tana hannun IBM, kafin ta sayar wa Lenovo sashen kwamfutocinta a 2005, masu rubuta Linux da yawa da ita suke aiki, har direba na musamman gare ta a cikin kernel, wato zuciyar Linux, mai suna thinkpad_acpi. Albarkacin wannan direban nake iya ce wa batir ya tsaya a kashi 80 ta hanyar wata manhaja mai suna TLP, don kada zama a jikin caja kullum ya gajiyar da shi. Sabunta BIOS ma, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta in an kunna ta, ba sai ka koma Windows ba, Lenovo tana sa nata a rumbun LVFS, da umarnin fwupdmgr kake janyowa. Abu ɗaya da ba ya aiki kai tsaye shi ne wurin dangwala yatsa, sai ka sa wata manhaja ta daban, ni dai na haƙura da shi ina rubuta kalmar sirri. Ka kuma shiga saitin kibod ka ƙara na Hausa, akwai na Najeriya akwai na Gana, ka daina rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya. In kuma wata rana ka zurfafa har kana son cire BIOS ɗin kamfani gaba ɗaya, Libreboot, manhajar da ke maye gurbinsa, ta fara tallafa wa T480 a ƙarshen 2024, amma kada ka taɓa wannan yanzu, sai ka samu ta biyu da ba za ka yi kuka ba in ta mutu.

Ko da Linux ɗin ta gundure ka, ba ka yi asara ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, kuma in furosesar Intel ce, ta ƙarni na 8 zuwa sama. T480 mai ƙarni na 8 ta cika duka sharuɗɗan.

Ita kuwa 'yar kwalin, to, sabuwa ce, ba ta da nauyi, ba ta ƙara, kuma za a ba ka takardar garanti. Iyakar alherin da zan faɗa a kanta ke nan. Na taɓa sayen irinta kafin wannan, kyan ɗan maciji, 64GB ɗin eMMC ɗinta, wato ma'ajiyarta, ya cika kafin wata huɗu, na buɗe don in ƙara RAM na tarar a liƙe yake, na sayar da ita a rabin kuɗi ina godiya ga wanda ya saya. Araha ba ta ado.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, amma shi ne zai iya ɓata maka duk wannan shawarar: masu sayarwa. Ko Beirut Road za ka je, ko Farm Centre, ko Banex a Abuja, ko a Computer Village na Ikeja za a ɗauko maka, akwai mutanen kirki masu tsoron Allah, akwai kuma waɗanda in suka ga sabon shiga sai su ce kasuwa ta yi. Kada ka tura kuɗi don hoton da ka gani a Facebook ko WhatsApp, ba a cinikin biri a sama. Je ka da ƙafarka, da filas ɗin Mint a aljihu.

Da farko kada ka yarda da sitika. Sitikar Core i7 a kasuwa ake sayar da ita, kuma sunan furosesar da Windows ke nunawa ana iya sauya shi da hannu. Kashe ta, ka kunna kana danna F1, ka shiga BIOS, a can ne gaskiya take: furosesa, yawan RAM, lambar siriyal. Duba lambar furosesar da kyau, domin akwai T480 da suka zo da i5-7200U ko 7300U, ƙarni na 7 mai core 2, jiki ɗaya suna ɗaya, amma ba ita nake yaba maka ba, kuma ba ta cikin jerin Windows 11. In lambar ba ta fara da 8 ba, ajiye musu. Haka nan T480s ba T480 ba ce. Ta fi sirantaka, ita ma kwamfuta ce mai kyau, amma batirinta ɗaya ne a rufe, RAM ɗaya a liƙe. Za su ce maka ai wannan ta fi, siririya ce. Ka ce ka ji, mai kaurin kake so.

Kana cikin BIOS ɗin, gwada sauya wani saiti ka ajiye. In ta nemi kalmar sirri ta supervisor, ko ka ga saitunan sun yi toka-toka ba sa taɓuwa, ka gudu, ko nawa aka rage maka. A kan waɗannan injinan cire ƙaramin batirin jikin bod, na CMOS, ba ya goge ta, sai an yi aiki a jikin bod, kuma mai cewa "ai ba komai, yaro zai cire maka" ba zai amsa wayarka gobe ba. Duba kuma sashen Absolute ko Computrace, wato tsarin bin sawun kwamfutar da ta ɓata, in a kunne yake, wataƙila har yanzu kamfanin da ya mallake ta yana iya kulle ta daga nesa.

Sai sikirin. Iri biyu suka fi yawa a kasuwa: mai 1366 sau 768, wanda in ka ɗan karkata kai launi ya wanke, da mai 1920 sau 1080 IPS. Na biyun za ka nema, don idonka ne zai zauna a kai awa takwas. Buɗe farin shafi ka ga ko akwai tabo ko ɗigon da ya mutu.

Daga nan danna F12 ka tayar da ita daga filas ɗinka, ba sai ka girka komai ba. Mai shagon da ya hana ka yin wannan ya riga ya ba ka amsa. Buɗe Terminal, wurin rubuta umarni, ka rubuta lscpu don furosesa da free -h don RAM, ka gwama da abin da aka faɗa maka. Da upower za ka ga lafiyar kowane batir, yawan abin da aka ƙera shi ya ɗauka da abin da yake ɗauka yanzu, kuma ka tabbata batir biyu ta nuna, don wasu suna cire na ciki su sayar daban, kai kuwa ba za ka sani ba sai ranar da ka zare na baya ta mutu a hannunka. Buɗe manhajar Disks ka ga SSD ɗin, wane iri ne, kuma in ta nuna, awa nawa ya yi yana aiki. Danna kowane maɓalli, gwada kyamara, sa waya a kowace ƙofar USB.

Ƙofofin USB-C biyun nan ka ba su lokaci na musamman. Akwai matsalar firmware, wato manhajar da ke sarrafa ƙofar USB-C mai Thunderbolt, da ta shafi ThinkPad da yawa na shekarun 2017 zuwa 2019, har da T480, wadda ke iya kashe ƙofar a hankali, kuma Lenovo da kanta ta fitar da gyaranta. Injin da ba a taɓa sabunta shi ba yana iya zuwa da ƙofa ɗaya matacciya. Sa caja a kowacce ka ga ta kama, kuma ranar da ka kai ta gida, kafin ka sa hoton bango ma, ka yi wannan sabuntawar. Cajar ita ma ka ɗaga ta ka ji nauyinta, ta asali mai 65W tana da ɗan nauyi, jabun kuwa kamar kwalin ashana, kuma da irin wutarmu mai zuwa da ƙarfi ta tafi, jabun caja na iya tafiya da bod.

Ban faɗi farashi ba da gangan, yana tafiya da dala, abin da na biya a 2021 dariya zai ba ka. Zagaya shago uku kafin ka taya, ka sa a rubuta maka lambar siriyal a rasit, da sharaɗin kwana bakwai in wani abu ya ɓullo. In kuɗin bai kai ba, gara ka ɗauki mai 8GB da sikirin mai kyau, RAM ka ƙara daga baya, sikirin ne mai wahalar sauyawa. In kuma ba ka da filas ɗin Mint, kawo mai 8GB ranar Asabar bayan la'asar in sa maka, sai mu wuce kasuwar tare.