Hattara da Masu Goge Fitilar Inji Su Ce Sun Gyara Mota

Jama'a, musamman masu motocin gudu irin su BMW 335i, Z4, Mustang da Camaro, ku yi hattara da wata damfara da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp. Wasu samari ne ke tallar cewa suna duba mota da kwamfuta, har gida za su zo su same ka. Sana'ar halal ce, akwai masu yin ta tsakani da Allah. Waɗanda nake nufi sun gano ciwon da ya fi sauƙin cin kuɗi da shi, wato injin da ke misin (wata silinda ta kasa ƙona mai yadda ya kamata) yau, gobe ya daina.

Duk wanda ya yi fama ya san alamun. Ka tayar da mota da asuba, ta yi rawa na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ta daidaita. Ko ka taka totur za ka wuce tirela, sai ta dinga fizga, fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta soma ƙiftawa. Ka kai ta gareji, ta tashi sumul kamar ba ita ba, makanike yana kallonka.

Mutumin zai zo da ƙaramar na'ura, ya jona ta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya karkatar da allon yadda ba za ka gani ba, ya girgiza kai. "Alhaji, birenbos ɗinka ya fara tafiya. Sai an yi oda daga Legas. Ka ba da rabin kuɗin, yanzu zan ɗan yi masa firogiramin ya riƙe ka." Birenbos dai shi ne kwamfutar da ke sarrafa injin. Firogiramin ɗin nan kuwa maɓalli ɗaya ne ya danna, na goge lambobin matsala. Fitila ta mutu, ranka ya yi sanyi. Tunda dama ciwon mai zuwa ne yana tafiya, motar za ta yi kwanaki lafiya lau, ka ga ai yaron ya san aiki, ka tura cikon kuɗin, har ka ba abokinka lambarsa. Ranar da fitilar ta dawo, wayarsa a kashe. Idan ma ya ɗauka, tsohon birenbos ɗinka zai wanke, ya manna masa sabuwar sitika ya mayar.

Akwai waɗanda suka fi haka mugunta. Sai su ce a bar motar ta kwana a wurinsu, wai indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙin mota, ya toshe, sai an fasa an zubar. Ba zubarwa suke yi ba, sayarwa suke, domin akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa irin su platinum da palladium da rhodium. Galibi ma misin ɗin ne ke kashe indomi: man da bai ƙone ba ya gangara cikinsa ya gasa shi. Ma'anar ƙiftawar fitila ke nan, shi ya sa in ta fara, ka ɗaga ƙafa daga totur nan take.

Tun 1996 duk sabuwar motar fetur da aka sayar a Amurka tana da tsarin OBD-II, wanda mota ke nuna matsalarta da lambobi ta soket ɗin nan, kuma lambobin misin ba sirri ba ne. P0301 na nufin silinda ta 1, P0304 ta 4, haka har ƙarshe. P0300 kuwa na nufin misin ɗin yana yawo, bai tsaya a silinda ɗaya ba. Lambar tana gaya maka inda ciwon yake ne kawai, ba ta ce ga abin da ya lalace ba. Birenbos yana mutuwa, ba a musu, amma yakan zo da nasa lambobin, kuma shi ne na ƙarshe da ake zargi.

Makaniken kirki ga abin da zai yi, kuma kana tsaye. Idan lambar ta nuna silinda ta 3, sai ya cire kwayil ɗinta ya musanya da na ta 5, a hau motar. In lambar ta koma P0305, an kama ɓarawo, kwayil guda za ka saya. In ta tsaya a 3, sai a musanya fulogi, daga nan a duba nozul, sannan a auna kwamfireshan. Zai leƙa ramin fulogi da tocila ya ga ko baƙin mai ya taru daga gasket ɗin murfin inji, zai girgiza wayoyin kwayil yana sauraron inji. Aiki ne na haƙuri, ba na minti biyar da girgiza kai ba.

Masu BMW mai injin N54, wanda ya fito a 2006, ku naku sanannu ne. Famfon mai na babban matsi ya yi ƙaurin suna har kamfanin ya kira motoci don canza shi a Amurka a 2010. Nozul ɗinsu na ɗigar mai cikin dare, shi ya sa rawar ta fi yawa da safe. Kuma da yake fetur kai tsaye yake shiga silinda, baƙin dauɗa kan taru a kan bawul ɗin iska. Wanda bai ambaci ko ɗaya cikin waɗannan ba ya tsallaka kan birenbos, ko bai san motar ba, ko aljihunka ya sani. Kada kuma a manta da man kansa. Ba mu manta gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022 ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gogewar nan tana share shaida. Lokacin da matsala ta faru, motar kan adana hoton halin da take ciki: gudun inji, zafinsa, nauyin da ke kansa. Da wannan ake kama ciwo mai ɓuya, shi kuma ya share shi da yatsa ɗaya. Don haka kada ka yarda a goge komai sai ka ɗauki hoton allon da wayarka. Kada ka biya kuɗin kayan da ba ka gani ba, kuma duk abin da aka cire a miƙo maka shi a hannu. Kafin birenbos ya bar motarka, ɗauki hoton lambar jikinsa.

Wasu dillalan 'yan Kwatano ma suna wannan wasan kafin mai saye ya iso. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: dole fitilar inji ta kama, in ba ta kama ba, an taɓa ta. Ƙaramar na'urar ELM327, wadda ake jonawa a soket ɗin nan a haɗa da manhajar waya, za ta nuna maka ko gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta sun kammala, kuma a motoci da yawa har kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe. Ka ga kilomita 4 a motar da aka ce ana hawa kullum, ka tambayi dillalin me ya goge.