Damisar tagullar da na sa aka zuba mini a Benin

Aikin hannu kam, maƙeran layin Igun a birnin Benin ba su da na biyu. Damisa na sa aka zuba mini, irin wadda take alamar sarautar Oba, wato sarkin Benin, ta hannun wani dillali ɗan garinmu mai harkar kayan gargajiya. Da ta iso na daɗe ina jujjuya ta. Kowane ɗigo na jikinta zobe ne da aka fitar tun a kan kakin zuma, kafin a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a kwarara narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Sai an fasa yumɓun ake ciro ta, shi ya sa ba za ka sami guda biyu iri ɗaya sak ba. Haƙoran nan da kunnuwan, wallahi sun fita.

Amma abin da aka yi wa launinta ya ƙona mini rai. Na faɗa da bakina a bar mini ita da ƙyallinta, sabon zubi nake so. Sai ga ta baƙi ƙirin, da kore-kore a hammata da ƙasan wuya, ƙasa maƙale cikin baki. An tsufar da ita da gangan. Ka shafa, koren ya biyo yatsanka, har farar rigata ya ɓata. Da na kira dillalin sai cewa ya yi, "Haba Alhaji, ai haka masu saye suka fi so, in ka ce tsohuwa ce wa zai musa?"

Ni in ce tsohuwa ce? Tsofaffin ai sojojin Ingila sun kwashe su a 1897, har yanzu ana ta fafutukar dawo da su, kamar zakaran tagullar nan da wata kwaleji a Kambirij ta Ingila ta mayar a 2021. Kuma dokar Najeriya ta 1979 ta hana cinikin kayan tarihi na ainihi ba da izini ba. Mutanen da suka gaji sana'ar nan tun kaka da kakanni, me zai sa a shafa wa aikinsu datti a laƙaba masa shekarun ƙarya?

Na so in haƙura saboda kyan zubin. Sai da na goge wajen wutsiya na tarar da tsaga an cike ta da dalma, baƙin nan ne ya rufe ta. Ban mayar ba, amma cikon kuɗin dillalin yana hannuna har sai ya zo ya gani da idonsa.