Sharhina kan yaron da ya gyara min filogin ɗin lissafin bulo na Blender a nan Bauchi

Masu zanen gida da Blender, wato manhajar zane mai siffar 3D a kwamfuta, a garin nan ba mu da yawa, yawanci SketchUp ne ko Revit, don haka idan filogin ɗinka, wato ɗan ƙarin da ake maƙala wa manhajar ya yi maka wani aiki, ya lalace ba ka da wanda za ka kira da sauri. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda aikina ya kasance da wani matashi mai rubuta Python, yaren kod ɗin da ake rubuta filogin ɗin Blender da shi, da ke zaune wajen Yelwa, mai kyau da marar daɗi duka, saboda mutane suna ta tambayata ko ya iya aiki. Ya iya. Amma akwai bayani.

Abin da nake yi shi ne zana wa mutane gida su gan shi a tsaye kafin a haƙa tushe, sannan in ba su ƙiyasin kayan aiki. Akwai wani ɗan sikirif, wato kod ɗin filogin ɗin nan, da aka rubuta min tun zamanin Blender 2.93, ka zaɓi bangwayen ka danna maɓalli ɗaya, shi zai auna faɗin kowanne ya ninka da goma, tunda bulon da muke amfani da shi mai milimita 450 a tsawo da 225 a tsayi kusan guda goma ne ke cika sikwaya mita ɗaya idan an haɗa da kwaɓin siminti, ya ƙara ɗan rara saboda waɗanda za su fashe wajen sauke mota, ya shafa wa bangon inci tara launi daban na inci shida daban, sai ya fitar da komai a fayil ɗin da Excel ke buɗewa. Wanda ya rubuta shi ya bar gari lambarsa ma ba ta shiga. Har zuwa 3.6 abin yana tafiya lafiya, ina komawa 4.1 sai jan rubutun kuskure ya fara fitowa, maɓallin yana nan amma ka danna babu abin da zai faru.

Abu na farko da ya burge ni, bai ce in turo kuɗi ba kuma bai ce in goge Blender in sake sakawa ba, wanda shi ne maganin kowa a garin nan. Cewa ya yi, Oga, ka shiga Window ka danna Toggle System Console, wani baƙin allo zai fito, ka sake danna maɓallin naka sannan ka kwafo min duk abin da ya rubuto, kar ka ɗauki hoto da waya, ka kwafo rubutun. Da na tura sai ya ce in duba layin ƙarshe tukuna domin Python daga ƙasa ake karanta kukansa, layin ƙarshe shi ke faɗin abin da ya faru, na samansa kuma ya faɗi sunan fayil da lambar layin da abin ya tsaya. Nawa ya ce Mesh, wato jikin abin da aka zana, ba shi da wani abu mai suna use_auto_smooth. Ashe a 4.1 da ya fito a watan Maris na 2024 an cire wannan saitin gaba ɗaya an canza yadda ake santsin fuskoki, kuma masu Blender sun rubuta hakan a takardar bayanin da suke fitarwa tare da kowace siga, har ya nuna min wurin. Sikirif ɗina yana kiran abin da babu shi.

Ya cire wannan layin, wani ya taso. Ya gyara, wani ya sake tasowa. Ni dai na fara tunanin ko abin ya ruɓe ne gaba ɗaya, ya ce a'a, Python idan ya ci karo da kuskure na farko tsayawa yake, bai ma kai ga na biyu ba balle ya gaya maka, kuma da na tsallako daga 3.6 zuwa 4.1 na haɗo har da sauye-sauyen 4.0 na Nuwamban 2023. A wancan an canza sunayen wasu saituna na Principled BSDF, wato inda ake tsara launi da ƙyallin abu, wanda ake kira Specular ya koma Specular IOR Level, shi ya sa ɓangaren shafa launi ya mutu. Sannan tsohuwar hanyar da ake miƙa wa bpy.ops, wato ƙofar da sikirif ke ba Blender umarni, bayanin wurin da zai yi aiki an daina karɓarta, sai dai temp_override, wadda tun 3.2 aka shigo da ita don mutane su koma kafin a rufe tsohuwar. Duk wannan ya gama shi a zama ɗaya ta AnyDesk, manhajar da ake shiga kwamfutar mutum daga nesa, ina kallon linzamin kwamfutata yana yawo, an ɗauke wuta a tsakiya muka jira na kunna janareta aka ci gaba. Maɓalli ya dawo, Excel ya buɗe, lambobi sun fito, na ce Alhamdulillahi bari in cika maka kuɗinka.

Ya ce tukuna, bai yarda da lambobin ba.

Wallahi wannan wajen ne ya sa nake rubutun nan. Ya ce shi ya ga yadda aka rubuta lissafin faɗin kuma bai kwanta masa ba, in ba shi dama ya gwada. Washegari muka haɗu a wani shagon abokinsa kusa da Wunti, ya ɗauko takarda da biro ya zana bango mita 4 a tsawo mita 3 a tsayi, ya rubuta 12, ya ninka da goma, 120. Ya gina wannan bangon a Blender ya danna, sikirif ya ce 120 kafin rara. To madalla. Sai ya ce, Oga idan Alhaji ya ce falo ya yi masa kaɗan a ƙara mita ɗaya, ya ake yi? Na ce a kama bangon a ja shi da S. Ya ja shi ya koma mita 5, a allon gefe ma ga shi nan Blender ya rubuta 5, ya rubuta 150 a takarda, ya danna maɓalli. Sikirif ya ce 120. Babu jan rubutu, babu komai a baƙin allo, lafiya lau ya ba da amsar ƙarya.

Dalilin kamar yadda ya fahimtar da ni, a Blender abu yana da asalin jikinsa sannan yana da sikel da aka ɗora masa daga waje. In ka ja shi a Object Mode asalin jikin bai canza ba, sikel ne kawai ya tashi daga 1 ya koma 1.25, sai ka danna Ctrl da A ka tabbatar da sikel ɗin sannan zai shiga jiki. Shi kuma wanda ya rubuta sikirif ɗin faɗin asalin jikin yake karantawa, bai taɓa ninkawa da matrix_world ba, wato inda abin yake da girmansa na gaskiya a fili. Bulo talatin sun ɓace a bango ɗaya. Falo kuma in an faɗaɗa shi ba bango ɗaya ake ja ba.

Bai tsaya nan ba, ya huda taga a bangon da Boolean, wato modifayar da ke yanke siffar wani abu daga jikin wani, kamar yadda kowa ke yi, mita 1.2 da 1.2, wadda ya kamata ta rage kusan bulo 14, ya huda ƙofa mai 0.9 da 2.1 wadda ita kuma kusan 19 ce. Sikirif bai rage ko ɗaya ba. Saboda muddin ba a tabbatar da modifaya ba ramin a ido kawai yake, asalin bangon a rufe yake ruf, in kana son ka auna abin da ake gani sai ka nemi Blender ya ba ka jikin da ya gama lissafawa ta evaluated_get. To kun ga yadda abin yake, kuskure ɗaya yana rage bulo ɗayan yana ƙarawa, a gida mai tagogi da yawa sai su rufa wa juna asiri jimla ta fito kusa da daidai, a katanga ko sito inda bango ne zalla kuma an ja shi sai bulo ya yanke ana tsakar gini. Nan take na tuna wani birkila dattijo da ya taɓa ce min, Injiniya lissafin nan naka wani gidan ya yi rara wani ya gaza, ni na fi yarda da igiyata. Yana da gaskiya Baba. Kuma abin ya dame ni sosai domin mutum ya tara kuɗinsa shekara da shekaru ya zo ka ba shi adadi, a kan wannan adadin zai je gidan bulo ya yi ciniki ya biya mota, in ya gaza sai ya sake biyan wata motar don bulo ɗari, ga lebura a zaune.

Gyaran da ya yi, yanzu sikirif ɗin yana ɗaukar kwafin bangon da aka gama lissafawa da ramukansa, ya juya shi zuwa ma'aunin fili, ya auna fuska ɗaya kawai, ya yar da kwafin, zanena bai taɓa shi ba. Ya kuma ƙara wani abu da ban nema ba amma na ji daɗinsa, idan bango ya fi siriri ko kauri yadda bai dace da inci shida ko tara ba sai ya rubuto sunan bangon ya ce a duba, maimakon ya yi shiru ya jefa shi a wani rukuni. Sannan ya bar min fayil ɗin gwaji, ɗaki ɗaya mai ƙofa da taga biyu wanda muka yi lissafinsa da hannu aka rubuta amsar a jikin fayil ɗin, ya ce duk ranar da na canza Blender in fara buɗe wannan in danna, in lambar ta yi daidai in ci gaba in ba ta yi ba in tsaya. Gaskiya ban taɓa ganin mai gyara a garin nan ya ba ka abin da za ka kama shi da shi ba idan aikinsa ya lalace.

Yanzu marar daɗin. Yaron nan ba ya amsa saƙo da rana, ka tura da safe sai bayan isha'i za ka ga amsa, wani lokacin sai gobe, in kana da kwastoma a gabanka yana jiran ƙiyasi ba shi za ka dogara da shi ba. Ya kamata ya faɗa tun farko cewa da dare yake aiki. Na biyu, ya ɗauke maɓallin daga inda na saba ganinsa ya mayar da shi allon gefe da ake buɗewa da N ba tare da ya tambaye ni ba, na buɗe na neme shi na rasa har na ɗauka abin ya sake lalacewa. Ya ce can ya fi dacewa, ƙila haka ne, amma kayan aikin mutum ba a sauya masa wuri sai an gaya masa. Na uku, bayaninsa idan ya ɗauko da Turancin masu kod sai ka ce masa dakata, maimaita da Hausa, kuma ya iya in an matsa masa, kawai bai saba ba ne. Ya kuma nemi in turo masa cikakken zanen wani kwastoma don gwaji, na ƙi, na cire suna da komai na bar bangwaye kawai, zanen gidan mutum da ɗakunan iyalinsa ba abin yawo da shi a WhatsApp ba ne, kuma ya kamata a ce shi ya fara kawo wannan shawarar.

Akwai ƙaramin abu da ya ɗan ja mu. Na ce kanun takardar ƙiyasin su zama da Hausa don maigida da birkila su karanta da kansu, ƙofa, taga, faɗi, jimla. Ya saka, a kwamfutarsa lafiya, a Excel ɗina ƙ da ɗ suka rikiɗe suka zama wasu alamomi marasa kan gado. Da farko ya ce matsalar kwamfutata ce, na ce ban yarda ba, ya koma ya bincika ya dawo ya ce Excel yana buƙatar wata alama a farkon fayil kafin ya gane rubutun, ya canza utf-8 zuwa utf-8-sig, kalma ɗaya, haruffan suka zauna daram. Duk mai fitar da takarda da Hausa daga sikirif ya riƙe wannan.

Kuɗi kuwa, abin da ya karɓa bai kai na buhun siminti huɗu ba, rabi kafin aiki rabi bayan na gwada a tsofaffin zanena, kuma bai ƙara ko sisi ba a kan matsalar sikel da ta Boolean duk da ba su cikin abin da muka yi ciniki a kai. Na ƙara masa da kaina. Ya ba ni shawarar in zauna a kan siga mai LTS, wato wadda ake daɗewa ana kula da ita, irin 4.2 da ta fito a Yulin 2024, tunda irinsu shekara biyu ake yi ana gyara su ba tare da an canza abubuwan da filogin ke kira ba, in kuma ina son ganin sabuwa in sauke ta zif in ajiye a folda daban kar in taɓa wadda nake cin abinci da ita. A 4.2 an kawo sabon tsarin Extensions mai nasa fayil ɗin bayani, amma ya bar nawa a tsohon tsari domin har yanzu yana shiga ta Install from Disk, ya ce ba amfanin cajina kuɗin abin da ni kaɗai zan yi amfani da shi.

Wanda zai kai masa aiki ya shirya lambar sigar Blender ɗinsa, rubutun baƙin allon nan a kwafe, da ƙaramin fayil da matsalar ke fitowa a ciki, sannan ku yi magana a kan lokacin amsa saƙo kafin ka biya. Mu yanzu saura lissafin kwanon rufi, wanda ya ce ya fi na bulo wuya saboda gangara da hawan da kwano ke yi a kan ɗan'uwansa, na ce sai mun zauna da kafinta ya ba mu ma'aunin da yake bari a wajen aiki kafin ya rubuta layi ko ɗaya, ya ce ya yarda, ranar Asabar bayan la'asar.