Istiklal ko Mu'izz: wanne ya fi daɗin yawon dare?

Hajiya, kin ce za ki tafi sarin kaya tare da yara biyu, kuma kina neman wanda ya fi dacewa da yawon bayan isha tsakanin titin Istiklal na Istanbul da titin Mu'izz na Alƙahira. Dukansu tituna ne na masu tafiya a ƙasa, amma halinsu ya sha bamban.

Istiklal ya kai kusan kilomita ɗaya da rabi, daga dandalin Taksim zuwa Tunel, jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1875. Wani ɗan jan tarago na bi ta tsakiyarsa yana kaɗa ƙararrawa, jama'a na darewa. Titi ne na shaguna da fitilu da tururuwar mutane, kowa na sauri kamar ana jiransa.

Mu'izz ya ɗan fi shi gajarta, daga ƙofar Bab al-Futuh zuwa Bab Zuwaila, amma ya girme shi nesa ba kusa ba. Sunan halifan Fatimiyya ya ci, wanda aka kafa Alƙahira a zamaninsa a 969. Da dare akan haska gine-ginen daga ƙasa, sai ki ga masallacin Hakim da na Aƙmar da ginin Sultan Ƙalawun na 1285 sun yi ja kamar an gasa su. A nan ba a sauri. Wuya ma sai ya gaji da ɗaga kai.

Wajen kayan zaƙi, gaskiya Turkawa sun yi gaba. Akwai baklava, akwai alawar lokum ta gidan Hacı Bekir da ya faro tun 1777. Akwai kuma tavuk göğsü, wani abu mai kama da kunun madara da ya daskare, wanda ake haɗawa da tsokar ƙirjin kaza. Kada sunan ya tsorata ki, ba za ki ji kazar ba ko kaɗan. Yara kuwa wajen masu dondurma za su maƙale, askirim mai danƙo da ake juyawa da dogon ƙarfe. Mai sayarwa zai miƙo, yaro ya kai hannu, ya janye, har sai an sha dariya. Ki fara tambayar farashi kafin wasan ya soma.

Misirawa na da kunafa da basbusa da Ummu Ali, a watan azumi kuma ga ƙaɗayif. Ba su kai na Istanbul kwalliya ba, sai dai sun fi sauƙin kuɗi. Abin sha ne zai sa ki ji kamar kina gida: karkade ɗinsu zoɓo ne, tamar hindi tsamiya ce, ga ruwan rake ana matsewa a gabanki. In ƙafa ta gaji, ki ratsa kasuwar Khan al-Khalili zuwa gidan shayin Fishawi kusa da masallacin Husaini, wanda ya haura shekara 200. Shayi da na'ana'a ake sha, sai dai hayaƙin shisha ya yi yawa, kuma masu talla ba sa barin mutum ya huta.

Abin da ya fi shafar ki shi ne yaran. Lungunan da ke gefen Istiklal, irin su Nevizade, cike suke da mashaya, kuma da dare ya yi nisa titin kan sauya kama. Ki je bayan magariba, ki yi isha a masallacin Taksim da aka buɗe a 2021, ki koma masauki kafin dare ya yi nisa. Mu'izz kuwa iyalai ne ke cika shi har tsakar dare, kuma wurin salla ba ya wuya.

Ni dai da yara, Mu'izz zan zaɓa, musamman in tafiyar ta faɗo cikin azumi, lokacin da ake rataye fitilun fanus ko'ina. In kuma sarin ne ya kai ki Istanbul, ki sayo lokum na tsaraba, ya fi baklava jure hanya.