Dawanau ko kasuwar mako: ina ya fi a sayi hatsin ajiya a ƙarshen kaka?

Idan iskar hunturu ta fara kaɗawa, wajen Nuwamba zuwa Disamba, gero ya daɗe da shiga rumbu, an yanke dawa, roron wake ma ya zo ƙarshe. A wannan ɗan tsakanin ne magidanci mai ɗan hali yake sayen abincin shekara, kafin bazara ta zo farashi ya hau.

Mai neman buhu goma zuwa sama, Dawanau ce gidansa. Kasuwar tana kan hanyar Katsina, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa ta jihar Kano, kuma babu irin hatsin da za ka nema ka rasa: gero, maiwa, dawa kaura da farfara, masara, riɗi, waken suya. Sai dai kaya kafin su iso nan sun bi hannu biyu ko uku, ga la'adar dillali, ga kuɗin dako. Abin da ya fi damuna shi ne ba ka san wanda ya noma ba, balle ka tambaye shi yadda ya shanya.

Ni da nake sayen buhu uku ko huɗu na gida, kasuwar mako na fi so, irin Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi, ko Maigatari ranar Alhamis. Manomi ne da kansa zai sauke kayansa daga amalanke ko bayan babur. Amma sai ka yi sammako, domin 'yan awo tun a bakin hanya suke tare manoma, kafin hantsi sun kwashe mai kyau. Ka kuma tafi da kwanonka. Kwanon wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba, kuma buhun da aka ce maka kwano arba'in ne, ka tsaya a auna a gabanka.

Gero da dawa ba su da wuyar sha'ani. Tura hannu har tsakiyar buhu, ka ɗebo, ka hura a tafinka ka ga yawan ƙaiƙayi da tsakuwa. Masara kuwa sai ka ciza. Idan ta fashe ƙas a haƙori, ta bushe. Idan ta lotsa, akwai sauran danshi, ka bar ta ko da an rage maka kuɗi. Masara da gyaɗa masu danshi su ne ke yin fumfuna, wadda ke haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Gyaɗar da ta yamushe ko take ɗaci a baki, kada ta shiga tukunyar yara.

Wake ne inda ake yin kuka. A ƙarshen kaka wasu na gauraya tsohon bara da sabo. Sabon wake fatarsa na sheƙi, idonsa tas. Tsoho ya dushe, kuma idan ka duba da kyau za ka ga ƙananan huji ko fararen ɗigon ƙwan ƙwari manne a jiki, ƙasan buhun kuma gari-gari. Daga nan sai ka kai hanci. Wata shekara na sayi rabin buhun farin wake wurin wani mai awo, fes da shi, babu ƙwaro ko ɗaya. Da uwargida ta jiƙa za ta yi alala, sai warin maganin feshi ya cika madafa. Haka muka haƙa rami muka binne shi, don ko kaji ba mu yarda mu ba su ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Abin da aka ƙi karɓa a waje bai kamata ya shiga cikin 'ya'yanmu ba. Tun daga ranar, gara na sayi wake mai ɗan huji kaɗan daga hannun manomi da wanda ya yi tsaf amma yana wari.

Kayan miya kuma ba sai an daɗe ana shawara ba. Busasshiyar kuɓewa da kuka ka zaɓi masu kore, barkono mai ja sosai wanda ke ƙara idan an girgiza, daddawa kuma daga hannun matan ƙauye.

Kafin ka bar kasuwa, ka nemi buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro: leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. Ka sake shanya waken kwana biyu, ka bari ya huce, ka zuba, ka matse iskar, sannan ka ɗaure kowane baki daban. Ƙwaron da ke ciki rashin iska ne zai kashe shi, ba tare da ɗigon magani ba. Ka ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kada kuma a riƙa buɗewa kullum. Na girkin wata guda a ware shi a wani mazubi daban.