Gargaɗi kan masu sayar da tabarau na VR a Facebook

Jama'a, don Allah ku yi hattara. Makon jiya ƙanena ya faɗa hannun wani mai talla a Facebook, har yanzu raina a ɓace yake.

Yaron ɗalibin aikin jinya ne. Ya ga bidiyon yadda ɗalibai a ƙasashen waje ke saka tabarau na VR, wato na'urar da ake ɗaurawa a ido mutum ya ji kamar yana cikin hoton, su ga zuciyar ɗan Adam tana bugawa a gabansu, su juya ta yadda suke so, sai abin ya shiga ransa. Mai tallan ya ɗora bidiyon Meta Quest, tabarau na VR na kamfanin Meta mai Facebook, ya ce saura guda uku, naira dubu tamanin har da kuɗin mota. Ƙanena ya tura kuɗin da ya yi wata huɗu yana tarawa.

Ni na raka shi tasha muka karɓo kwalin a hannun direba. Tun daga rashin nauyinsa gabana ya faɗi. Da muka buɗe, kwanson roba ne kawai, da gilashi biyu, da igiyar ɗaure kai, da wani aljihu da ake zura waya. Ba allo, ba batir, ko wurin caji babu. Irin wanda ake kira VR Box ne, ɗan'uwan Google Cardboard na kwali da ya fito tun 2014. Wayarka ce ke yin komai, shi kuwa ƙara girman hoto kawai yake yi. Yaron ya yi ta jujjuya shi yana neman maɓallin kunnawa, idonsa ya kawo ruwa. Kafin la'asar mai tallan ya toshe lambar yaron.

Meta Quest na gaskiyar kwamfuta ce sukutum: allonsa a ciki, da batir, da kyamarori a gaba, da abin riƙewa biyu na hannu. Quest 3S, mai arahar cikinsu, dala 299 aka sa masa da ya fito a Oktoban 2024. Ku buga da canjin yau, ku ga ko dubu tamanin za ta kai ko rabi.

In za ku saya, ku ce a kira ku ta bidiyo, a kunna shi kuna kallo, a nuna wurin caji da abin riƙewar. In mai tallan ya fara cewa sabis ba kyau, ku bar shi. Kada ku biya sai kaya ya zo hannu.

Mun kai rahoto banki da wurin 'yan sanda. Shafin kuwa ya sauya suna, jiya ma na ga sabon tallansa da wannan bidiyon dai.