Tsirkiyar jitar bes: ta gaske ta burge ni, amma mai shagon nan ya cuce ni

Saitin D'Addario EXL170, wato tsirkiyoyi huɗu da ake kira E, A, D da G, ne a kan jitar bes ɗina (jita mai kaurin sauti) yanzu, kuma a matsayina na mai koyo ban ga abin kushewa a sautinsa ba. Maigidana da ke koya mini kiɗa a wajen Ƙofar Ƙaura shi ya sa wani yaronsa ya sayo a Legas, aka ba direba ya kawo. Kaurin tsirkiyoyin 45, 65, 80 da 100 ne, wato ta G ce siririya, ta E kuma mai kauri. Ya ce kada in fara da mai 50 zuwa 105, don ta fi tauri, yatsun da ba su yi kanta ba za su gaji tun ba a je ko'ina ba. Gaskiyarsa. Ana dannawa take kwantawa, E kuma tana fita tas, har a ƙirji kake jin ta ko da ƙaramar amfilifaya ce.

To amma ba zan iya yabon wannan ba sai na faɗi abin da aka yi mini kafin ta.

Jitar ta hannu na saya, tsirkiyoyinta duk tsatsa. Na shiga wani shago a cikin gari inda ake sayar da lasifika da makirfo da fiyano, kun dai san irinsu. Mai shagon ya zaro wani kwali mai sheƙi ɗauke da sunan wani babban kamfanin Amurka, ya ce, “Ɗan'uwa, orijina ce wannan, ta Dubai ta biyo. Don kai ne zan bar maka haka.” Kuɗin bai kai rabin abin da na ji ana faɗa ba, amma ya rantse ya maya. Tun ranar da na ɗaura, E ba ta da rai, sautinta kamar ana dukan bokitin roba. Manhajar saita sauti da ke salulata sai rawa allurarta take yi, ta ƙi tsayawa. In na saita ta a sake ta yi daidai, ina dannawa a gaɓa ta 12 cikin layukan ƙarfen da ke wuyan jitar sai ta kauce. Maigida ya kwance gadar da ke riƙe tsirkiya, ya matsa gaba, ya matsa baya, a banza.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne muna gwaji don wata dinar biki, karon farko da aka yarda in riƙe bes a gaban jama'a. Ina cikin ja, sai naɗin da ke jikin tsirkiyar A ya warware daga wajen gada, bakinsa mai tsini ya tsarge mini ɗan ali. Jini har kan jitar. Da muka warware sauran naɗin muka duba, ƙarfen da ke ciki ya yi ja da tsatsa, abin da aka ce sabo ne dal. Ranar dinar mai fiyano ne ya cike gurbin bes da hannun hagu, ni kuwa ina gefe da yatsa a ɗaure ina naɗe wayoyin lasifika.

Na koma shagon da tsirkiyar a leda. Ko taɓa ta bai yi ba. “Malam, kai ne ba ka iya ɗaurawa ba. Kuma kayan da ya fita ba ya dawowa.” Na ce, “Alhaji, ai kai ka rantse mini.” Sai ya juya ya ci gaba da ciniki da wani. Allah ya isa kawai na ce, kuma har gobe ban janye ba.

Da ta gasken ta iso maigida ya zaunar da ni ya nuna mini bambanci. Tana cikin leda a liƙe ruf, iska ba ta shiga, da lamba a jiki wadda ake dubawa a shafin kamfanin. Ƙwallayen da ke gindin tsirkiyoyin kowace da launinta: E ruwan tagulla, A ja, D baƙi, G kore, mai koyo ba zai rikice ba. Ƙarfen cikinta mai kusurwa shida ne, shi ya sa naɗin ke kama shi gam. Ya kuma auna jitar daga gada zuwa ƙarshen wuya, inci 34, ya ce da ƙarama ce mai inci 30 da sai an nemi gajeren saiti, don in sashen mai kauri ya hau kan maɗaurin da ake murɗawa a kan jitar yana iya karyewa.

Sai dai kada in yi ta zuba yabo. Irin wannan mai naɗin zagaye, wato wadda aka naɗe da waya mulmulalliya, tana da kaushi, in ka ja yatsa a kai sai ta yi ƙiiii, kuma cikin hunturun Katsina da fata ke tsagewa, ba daɗi. Zafi na shigowa kuma gumi da ƙura suka shige tsakanin naɗin, wannan ƙarar mai haske ta fara dusashewa. Ba laifin kamfani ba ne, haka irinta take, amma in ka tuna kuɗin da ka zuba har da na mota sai ranka ya sosu. Dole na ajiye tsumma a jakar jita, ina gamawa in goge sama da ƙasa. Wasu na dafa tsofaffi a ruwan zafi, sautin yakan ɗan dawo, ba ya daɗewa.

Maigida shi mai naɗin shafe yake so, mai santsi. Kullum sai ya kawo zancen James Jamerson, makaɗin bes na kamfanin waƙa na Motown a Amurka, wanda ya yi amfani da irin waɗannan tsirkiyoyi na kamfanin La Bella kuma da wuya ya canza su. Ya ce mai naɗin zagaye kamfanin Rotosound ne ya yayata ta a 1966 tare da makaɗin bes John Entwistle, kuma tasu ta farin ƙarfe ta fi tawa kaushi, tana cin gaɓoɓin wuyan jita. Akwai Elixir mai rufi a jiki da ke jure gumi, kuɗinta dai ba na ɗan koyo ba ne.

Ga mai farawa, EXL170 ta isa, in dai an tabbatar da ita. Ni yanzu duk wanda zai sayar mini sai ya turo hoton ledar da lambarta ta WhatsApp kafin in tura ko sisi. Wancan mai shagon kuwa, kwalayen na nan rataye a bayansa, kuma na ji har wani yaro mai kaɗa wa coci ya saya.